Laifin Ciyaman

Ba don son kare Alhaji Rabe ya wayi gari da kare a gidansa ba. Mutumin da ya tashi a cikin birnin Kano, wanda tun yana yaro in kare ya shinshini gefen rigarsa sai ya koma gida ya sake wata, ina shi ina kiwon kare? Maƙwabtaka ce ta jawo masa. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce ta raba shi da Bobai a wani layi na Longsight, cikin Manchester. Bobai mutumin Kagoro ne, Kirista, ma'aikacin jinya, mai dariyar da ake jiyowa daga gida na uku. Ranar da Mero matar Rabe ta rasu, Bobai ne ya tuƙa shi zuwa maƙabarta, ya tsaya a bakin ƙofa ruwa yana dukansa har aka gama rufe ta.

Da ciwon ajali ya kwantar da Bobai bara waccan, Rabe ya je duba shi a asibiti. Bobai ya riƙe masa hannu da 'yan yatsun da suka zama ƙashi.

"Rabe, ba coci zan bar maka ka riƙe ba, kare ne kawai. 'Yata Hannah tana flat, ba a yarda da dabba. In aka kai shi gidan karnuka, tsoho ne, allura za su yi masa. Ka bar shi ya cika kwanansa."

"Kai ma za ka tashi ka riƙe abinka."

"Bar zancen nan. Ka karɓa?"

"Na karɓa. Amana ce."

Kwana huɗu bayan haka Bobai ya cika, Ciyaman ya ƙetaro katanga da kwanonsa da tsohon bargonsa. Baƙin kare ne mai furfura a baki, kuma Bobai ya sa masa wannan suna ne saboda ba ya aikin fari bare na baƙi, sai ci da barci da kallon masu wucewa. Da farko a tsakar gida ta baya Rabe ya ajiye shi. Da sanyi ya shigo, ya leƙa wata safiya ya tarar da tsohon yana karkarwa kamar mazari, sai ya buɗe masa ƙofar kicin yana jan tsaki. Ya kafa masa doka: kicin ne iyakarsa, ba falo, ba sama, ba lasar hannu. Ciyaman ya kiyaye dokar fiye da yadda mutane ke kiyaye ta gwamnati.

Shekarunsa goma sha huɗu, wanda a lissafin karnuka ya wuce a kira shi dattijo. Ƙafafunsa na baya suka fara mutuwa. Matakala uku ce tsakanin kicin da tsakar gida, amma sai Rabe ya zura masa tawul a ƙarƙashin ciki ya ɗaga shi kafin ya sauka. Daga nan riƙo ya gagara. Kusan kullum da safe Rabe zai sauko ya tarar da fitsari ya malala a ledar ƙasa, wani lokaci har da kashi a gefen bargo, karen kuma ya juya kai ya fuskanci bango, ba ya ko iya kallonsa.

Rabe tsohon injiniyan ruwa ne, ya shekara talatin yana toshe yoyon bututu a garin nan, don haka ya ɗauki abin da tsari. Akwai jan bokiti da ba a taɓa shi sai don wannan aiki. Akwai safar hannu, da tsofaffin jaridu, da ruwan khal, da silifas na shiga kicin daban da na sauran gida. Jallabiyar sallarsa kuwa tana rataye a sama, ba ta taɓa sauka ƙasa ba. Zai durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwashe, ya goge, ya ɗauraye sau uku, sannan ya goge wa karen cinyoyi da ruwan ɗumi. Kullum kuma da maganar da yake rufewa da ita.

"Ba komai, Ciyaman. Tsufa ne."

Sai karen ya kaɗa wutsiya sau biyu a ƙasa, ya juyo da kai.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tun bayan azumin bara Rabe ya fara lura da kansa. Zai yi fitsari, ya yi tsarki, ya yi alwala, yana ɗaga ƙafa zai fita sai ya ji ɗigo. Daga ɗigo abin ya ƙaru. Wata rana a cikin bas a kan Stockport Road ya matse shi ba sallama, ya sauka kafin tasharsa, ya ƙarasa gida a ƙasa yana kare gabansa da ledar cefane, mutum mai shekara saba'in da uku. Ya daina shan shayi. Ya shimfiɗa tawul biyu a kan katifa. Jam'i ya gagare shi, domin ba ya iya tsayawa a sahu yana fargabar abin da ruku'u zai matso. Da abokansa na masallaci suka tambaya, ya ce hidimar kare ce take ɓata masa tufafi. Suka girgiza kai, suka ce ai dama mun faɗa maka, ya bar su a haka.

Ya san akwai sauƙin da malamai suka yi wa mai yoyon fitsari, ya karanta tun yana makarantar zaure. Ya san akwai likita. Sau ɗaya ma ya buga waya wurin GP, wato likitan unguwa, sai muryar wata yarinya da ba ta wuce jikarsa ba ta tambaye shi mene ne matsalar, domin ta san wanda za ta haɗa shi da shi. Ya ce ya yi kuskuren lamba, ya ajiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji shi, sai dai ba kowane sirri ne ciki ke iya riƙewa ba.

Abin takaicin, likita na cikin gidansa. 'Yarsa Kulu GP ce a Birmingham, tana zaune a Sparkbrook da mijinta Junaidu, kuma duk bayan mako biyu takan tuƙo mota ta zo ranar Asabar da miya a robobi. Amma Kulu 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, Uwata yake ce mata. Ko ciwon kai sai ya yi kwana-kwana kafin ya faɗa mata. To ta wane baki zai ce mata wandonsa yana jiƙewa?

Wata Asabar cikin watan Fabrairu, bayan ya yi Azahar, barci ya sace shi a kujerarsa ta falo. Ɗumin da ya ji a cinya ne ya tashe shi, kuma bai gama gane abin da ya faru ba ya ji makulli yana juyawa a ƙofa. Ya haye sama da saurin da ya manta yana da shi. Kafin ya yi tsarki ya sake wando ya sauko, Kulu tana tsaye a falo ko kwat ba ta cire ba, tafin hannunta a kan kujerar.

"Baba, ina wuni. Mene ne wannan?"

Ta kai hannun hanci, ta yamutsa fuska, ta waiwaya wajen kicin, inda Ciyaman ke kwance yana kaɗa mata wutsiya.

"Yanzu har kujera yake hawa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta hau sama ta kai masa sabbin zannuwan gado da ta sayo, ya ji takunta ya tsaya cak a ɗakinsa. Ya san abin da ta gani: tawul a kan katifa, taswirar tabon da ruwan khal bai iya fitarwa ba, da sallayarsa da ya wanke da safe ya shanya a kan hita. Ta sauko a hankali, sallayar a hannunta, idanunta sun kawo ruwa.

"Baba, har sama yake hawa? Har sallayarka?"

Nan ne wurin da ya kamata ya yi magana. Kalma uku ta isa. Amma Rabe ya dubi 'yarsa, ya ga fuskar mahaifiyarsa.

"Wani lokaci," ya ce.

"Shi ya sa ka bar jam'i. An faɗa wa Junaidu wata uku ba a gan ka ba, na ce ƙarya ne." Ta zauna a hannun wata kujera. "Baba, wannan ba rayuwa ba ce. Ka yi wa Baba Bobai abin da ko ɗan'uwansa ba zai yi ba. Amma ba a ce ka ba da sallarka ba. Zan yi booking da vet, likitan dabbobi, ranar Alhamis, ni zan zo na kai ku. Daga nan ka biyo ni Birmingham ka huta, a zo a wanke gidan nan."

"Uwata, amana ce."

"Shi ma karen wahala yake sha. In ya kai yana yi a gado, ai ya ƙare."

Kwana biyar ya samu, kuma kada a ce bai yi niyya ba. Ranar Lahadi ya kira ta don ya faɗa, suka ƙare da zancen ruwan sama. Ranar Talata ya rubuta saƙo a waya, ya karanta, ya ga kalmar a rubuce da hannunsa, ya goge. Ya riƙa rarrashin kansa da cewa ai karen ma yana yi da gaske, ai ƙafafunsa sun mutu, ai ko ba yanzu ba sai nan gaba kaɗan. Duk gaskiya ne, kuma duk ya san ba shi ne dalili ba. Ranar Laraba ya dafa cinyar kaza, ya zare ƙashin, ya zuba a kwano. Ciyaman ya cinye tas, ya lashe kwanon har yana tura shi jikin bango, ya ɗago yana neman ƙari. Rabe ya kasa kallonsa, ya juya ya fuskanci taga.

Ranar Alhamis Kulu ce ta ɗauki karen da kanta, ta naɗe shi a bargo ta sa a bayan mota, domin ko ƙafa bai iya ɗagawa ya taka bakin ƙofar motar ba. Likitar dabbobin Baturiya ce mai sanyin murya. Ta duba idonsa, ta saurari ƙirjinsa, ta lanƙwasa ƙafafun, ta tambaya ko yana cin abinci. Rabe ya ce yana ci. Ta ce zuciyarsa da sauran ƙarfi, akwai maganin da za a iya gwadawa don riƙon fitsarin, akwai kuma irin ƙunzugun da ake sa wa tsofaffin karnuka. In an dace, zai iya ganin bazara.

Rabe ya yi niyyar cewa a gwada. Amma Kulu ta riga shi. Ta yi bayani da Turancinta na asibiti, tiryan-tiryan: mahaifinta tsoho ne, shi kaɗai yake zaune, karen yana ɓata kujera da katifa da shimfiɗar da yake salla a kai, a addininsu kuma ba a salla da wannan a jiki, har ya daina fita cikin mutane. Likitar ta dubi ƙafafun karen, sannan ta dubi Rabe.

"Yana iya hawa gado har yanzu? Kai ne mai shi, kai za ka yanke. Haka abin yake?"

Kulu tana gefensa, kafaɗarta tana taɓa tasa. Rabe ya ji mararsa ta fara matsawa, ya ji tsoron kada abin ya zo masa a nan, a gaban mata biyu. So yake kawai a gama ya fita. Ya gyaɗa kai, aka miƙo masa takarda ya sa hannu.

Aka aske ɗan gashi a ƙafar gaba. Rabe ya dafa kan karen, abin da bai taɓa yi ba sai da safar hannu. Ciyaman ya juyo ya lashi tafinsa, ya dakata kamar mai jiran tsawa, da bai ji ba ya sake lasa. Rabe ya buɗe baki zai faɗi maganar da ya saba, ta ƙi fitowa. Ba a yi minti biyu ba kan ya yi nauyi a hannunsa. Likitar ta ce ya tafi. Rabe ya tambayi inda banɗaki yake.

A hanyar Birmingham Kulu ta yi ta ƙoƙarin jan sa da hira, yana amsawa da to da haka ne. Gidansu na Sparkbrook fes yake, kafet ruwan madara tun daga ƙofa har sama, ga ƙamshin turaren wuta. An gyara masa ɗaki da sabon zanen gado fari. Ya kwana biyu yana shimfiɗa rigar ruwansa a ƙarƙashin zane ba wanda ya sani, yana ƙin shan ruwa har leɓensa ya tsage. Da safe yakan farka da niyyar sauka ya ɗauko jan bokiti, sai ya tuna.

Ranar Asabar Junaidu yana gida. La'asar ta yi, ruwa yana zuba, ya ce ba sai sun fita ba, su yi jam'insu a falo. Ya shimfiɗa sallaya uku, ya ta da iƙama, ya ja da baya.

"Bisimilla, Baba."

"A'a, kai ne mai gida. Shige."

"Haba Baba, ina ni ina shiga gabanka? Wallahi ba zan iya ba."

Da can, hanzarinsa a shirye yake: jikina ba tsarki, na taɓa kare. Rabe ya lalubi hanzarin nan ya tarar ya sa hannu an kashe shi shekaranjiya. Ya san mai irin larurarsa bai kamata ya ja masu lafiya salla ba. Ya kuma san in ya ƙi sai ya faɗi dalili, a gaban suruki. Ya taka ya shiga gaba, ya yi kabbara, Junaidu a damarsa, Kulu a bayansu.

Raka'a biyu suka wuce lafiya. A ta uku, yana ɗagowa daga sujada, abin ya ƙwace. Ba ɗigo ba ne wannan karon. Ya ji ɗumin ya bi cinyarsa, ya ratsa farar jallabiya, ya sauka a sallaya ya wuce zuwa kafet. Ya tsaya a durƙushe. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwan sama a jikin taga. Junaidu, Allah ya yi masa albarka, ya yanke sallarsa ya miƙe ya fita ba tare da ya waiwaya ba, ya ja ƙofar a hankali.

Kulu ta matso a kan gwiwoyinta.

"Baba. Tun yaushe?"

"Tun bayan azumi."

"Wata goma?" Muryarta ta koma ta likita, ita ce kaɗai mafakar da take da ita. "Wannan ai mun saba gani kullum. Yawanci prostate ne, kumburi a ƙasan mafitsara, a gwada jini, a ba ka ƙwaya. Rabin tsofaffin da nake gani suna da shi. Da ka faɗa min, da tuni..."

Sai ta tsaya. Ya ga lokacin da abin ya iso mata. Ta dubi hannayenta, waɗanda suka naɗe karen a bargo suka ɗaga shi zuwa mota.

"Ko ƙofar mota bai iya takawa ba," ta ce a hankali. "Baba, bai taɓa hawa sama ba ko?"

"Bai taɓa wuce kicin ba."

"Kujerar fa? Sallayar?"

Ya sunkuyar da kai, ba ta sake tambaya ba. Ta rufe baki da gefen hijabinta, kafaɗunta suna rawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi an gani, ga shi bai mutu ba, sama ba ta faɗo ba, 'yarsa ba ta guje shi ba. Wannan ne ya fi komai yi masa ciwo. Abin da ya ba da ran karen da aka damƙa masa don ya ɓoye, ashe iyakarsa ke nan, minti ɗaya na kunya da ƙwayar magani.

"Uwata," ya ce, "a ba ni bokiti, da ruwan ɗumi. In akwai ruwan khal."

"Bar shi, ni zan yi."

"Ni na saba."

Ta kawo. Ya naɗe sallayar ya ajiye gefe, ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya fara goge kafet ɗin kamar yadda ya yi kowace safiya fiye da shekara. Kulu ta tsuguna kusa da shi, tana neman abin da za ta faɗa ya rage masa nauyi. Ta dafa hannun rigarsa.

"Ba komai, Baba. Tsufa ne."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Alhaji Rabe ya juya kai ya fuskanci bango, ya fashe da kukan da bai yi ba ko ranar da aka rufe Mero.